Don Allah ku riƙa ba motar asibiti hanya

Yau ban yi niyyar rubuta komai ba, amma abin da idona ya gani da yamma a titin Katsina ya hana ni cin abincin dare, kuma na san idan ban faɗe shi a nan ba, barci ma ba zai ɗauke ni ba.

Ina dawowa daga Dawanau, daidai Kurna, wajen ƙarfe biyar da rabi, lokacin da kowa ya san yadda titin nan yake cushewa. Sai na ji jiniya daga baya. Na duba madubi, motar asibiti ce fara, fitilarta na walƙiya, za ta shiga gari. Na kunna sigina na raɓe dama har tayata ta sauka daga kwalta. Mutum biyu ko uku suka yi yadda na yi. Sauran kuwa ko gezau. Gurbin da muka buɗe don ta wuce, wani ɗan adaidaita ya cusa kai ciki, ya tsaya sauke fasinja, yana lalube aljihu yana neman canji. Direban motar asibitin dattijo ne, gemunsa fari. Ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu, yana cewa, "Don girman Allah ku ba ni hanya, mace ce a ciki!" Yaron nan ya waigo ya ce, "To Baba, tashi sama zan yi?" Ya ci gaba da ƙirga kuɗinsa.

Na duba agogon mota. Minti goma sha ɗaya motar nan ta yi kafin ta fita daga wurin da ƙafa ma za ta taka cikin minti uku. Da hanya ta ɗan buɗe kuma, sai ga abin da ya fi ƙona min rai: motoci huɗu da babura sun manne mata a baya, suna gudu suna danna hon, sun samu mai share musu hanya kyauta. Ɗaya daga cikinsu ƙatuwar mota ce mai baƙin gilas, wadda mai ita ba yaro ba ne, ba kuma jahili ba ne.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san dalilin da ya sa jiniya take tayar min da hankali. Shekara uku ke nan da rasuwar ƙanwata, kuma da yawanku kun yi min ta'aziyya a nan, wasu har gida suka zo, Allah ya saka da alheri. Abin da ban taɓa ba ku labari ba shi ne tafiyar. Ta haihu da hantsi a ƙaramin asibitin garin mijinta, mabiyiya ta ƙi fita, jini ya ɓalle, aka ce a garzaya da ita babban asibiti a birni. Ni da Umma muka shiga bayan motar asibiti da ita, da wata nas guda ɗaya. Ƙugiyar rataye ledar ƙarin ruwa ta karye, don haka nas ɗin ce ta ɗaga ledar da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana danna marar ƙanwata da shi. Zani uku muka canza. Umma tana riƙe da kanta a cinya, bakinta bai daina addu'a ba. A wajen gari mun yi gudu sosai, sai da muka shigo cikin mutane tafiyar ta mutu. Lokaci zuwa lokaci ƙanwata takan buɗe ido ta ce, "Yaya, mun kusa?" Ina ce mata, "Mun kusa, ki yi haƙuri." Sau huɗu na faɗi haka muna tsaye wuri ɗaya.

Akwai wata ƙaramar taga a gefen motar, ta nan nake leƙe. Har gobe ina ganin fuskar wani mutum da ke cikin motarsa daf da mu, yana shan rake yana zubar da ɓawo ta taga. Ya dubi motarmu, muka haɗa ido, ya kau da kai. Akwai fili a damansa da zai iya matsawa. Bai matsa ba.

Mun isa da ranta. A kan gadon turawa ta cika, kafin a shiga da ita ɗakin tiyata. 'Yar da ta bari tana gidana yanzu, ta fara zuwa makarantar allo.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, don haka bari in riga ku. Za a ce kwananta ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda, kuma ban taɓa cewa mai shan raken nan ne ya kashe ta ba. Ajali a hannun Allah yake, ko a jirgin sama aka ɗauke ta ba za ta ƙara daƙiƙa ɗaya ba. Amma ajalinta daban, aikinka kai da ka tare hanya daban. Ba za a tambaye ka yaushe ta mutu ba, za a tambaye ka me ka yi lokacin da aka roƙe ka hanya. Idan ɗanka ya suma cikin dare, ba ka zama ka ce in da sauran kwana zai farfaɗo, saɓa shi kake yi a kafaɗa ka fita ko takalmi babu. To me ya sa ƙaddara ba ta faɗo mana a rai sai in ɗan wani ne a cikin motar?

Ni ba likita ba ne, amma bayan rasuwarta na yi ta tambayar masu aikin lafiya, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Sun ce zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Sun ce wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Ku auna wannan da minti goma sha ɗayan da na ƙirga yau a Kurna. Wata ungozoma ta yi min bayanin abin da suke kira jinkiri uku da ke kashe mata masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti tun daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko muna ɗora wa miji da uwar miji, na uku muna ɗora wa gwamnati da ma'aikata, kuma muna da baki sosai a kan waɗannan biyun. Na tsakiyan fa? A cikin birni, wani kaso na wannan jinkirin mu ne, mu masu motoci da babura da masu tsallaka titi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa a shekara ɗaya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ƙasar da take da wannan nauyi a wuya ai ita ya kamata ta fi kowa jin tsoron jiniya.

Za a kuma ce ai sau da yawa babu kowa a ciki, direbobin ne kawai suke kunna jiniya don su tsere wa gosulo, ko gawa suka ɗauko. Ban musa ba, akwai masu yin haka, kuma zunubi suke kwasa, domin su ne suka sa mutane suka daina gaskata jiniya. Amma kai da kake zaune a motarka, ta yaya ka san wacce ce ta gaskiya? Gilas ɗinta a rufe yake. Kuma motar da ka gani babu kowa, wataƙila yanzu za ta je ɗauko wanda mota ta take a Kwanar Dawaki. Idan ka kauce alhali ƙarya direban yake yi, asararka rabin minti, alhakin yana wuyansa. Idan ka ƙi kaucewa alhali gaskiya ce, me za ka ce?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun iya kaucewa. Kada wanda ya ce min titunanmu ne ƙanana. Bari kwambar wani babba ta taso, da motar 'yan sanda a gaba da bulala a hannu, ka ga yadda titin nan da aka ce babu wurin matsawa yake darewa gida biyu cikin ƙiftawar ido. Har mai tura kurar ruwa sai ya samu inda ya raɓe. Haka in an fito da gawa a makara, kowa yana tsayawa, mai babur ya kashe inji, mai shago ya miƙe, wasu su bi sahu su samu lada. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, Allah ya bar mu da ita. Amma wanda bai mutu ba tukuna, wanda ake ƙoƙarin kada ya hau makarar nan, shi ne ba mu da haƙurin ba shi hanya. Mun ji daga bakin malamanmu tun muna yara cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai amfani da ita, kuma kawar da abin da zai cutar da mutane daga kanta ibada ce. Mukan ɗauka ƙaya ake nufi ko dutse ko fasasshiyar kwalba. To ranar da motarka ta tare mai naƙuda, motarka ce ƙayar.

Wani abokina da ke karatu a Jamus ya taɓa turo min bidiyon babban titinsu. Da zarar cunkoso ya fara, tun kafin a ji jiniya, na layin hagu sai su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar fili fetal a tsakani ko da babu motar asibitin da ke tafe. Doka ce a can, tararta tana farawa daga Yuro 200, ana kuma iya hana mutum tuƙi na wata guda. Shi ma wanda ya bi ta cikin filin don ya yi sauri, hukunci yana kansa. Na san za a ce nan ba Jamus ba ce. Haka ne. Amma abin da suka yi ba ya cin ko kwabo, sitiyari ne kawai aka murɗa.

Ɗan abin da na sani, wanda wani tsohon direban asibiti ya koya min, ga shi. Ka rage rediyo in kana cikin gari, domin da gilas a rufe da sanyin mota a kunne ba za ka ji jiniya ba sai ta zo wuyanka. Ka riƙa duba madubi. Rubutun da ke gaban motar asibiti da kake gani a juye, da gangan aka juya shi, don ka karanta shi daidai ta madubinka. In ka gan ta, kada ka taka birki a tsakiyar titi cikin ruɗewa, wannan ya fi komai ba su wahala. Kunna sigina, matsa dama, ka tsaya, don direban ya san inda ka nufa. Kada ka tsaya a kan kwana ko a bakin gadar ƙasa inda wuri ya matse, ka ɗan ƙara gaba zuwa inda zai iya wuce ka. In kana mahaɗa, ko danja ta ba ka kore, dakata. In ta wuce kada ka zabura, sau da yawa in haɗari ne akwai ta biyu a baya. Kuma don Allah kada ka bi ta. Tsohon direban ya ce min babu abin da yake tsoro kamar ya taka birki wani ya dake shi ta baya, domin ƙofar bayan nan, mara lafiya da nas ne a jikinta.

Masu tafiya a ƙasa ma ba ku fita ba. Yau na ga wani saurayi da abin sauraren kiɗa a kunne ya ratsa ta gaban motar a guje, sai da dattijon nan ya taka birki motar ta yi tsalle. Shi ya wuce abinsa. Bai san cewa a ciki nas a tsaye take ba, bai san birki ɗaya yana iya tsige allurar da aka sha wuya kafin a samu jijiya ba. Ni na sani, don a gabana aka yi. Sai kuma masu taruwa a wurin haɗari, kowa da waya a sama yana ɗaukar bidiyo, an kewaye wanda ya ji rauni ko iska ba ya samu, motar asibiti ta zo ta rasa ta inda za ta shiga. Wayar da kake ɗaukar hoton da ita za ta iya kiran 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112 ta gaggawa. Ka kira, sannan ka ja baya, ka ja na kusa da kai.

Kada 'yan adaidaita da direbobin haya su ce na sa su a gaba. Na san wahalar da kuke sha, na san balas yana jiranku da yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga tsadar mai. Na kuma san a jihohin arewa irin su Jigawa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da suka shiga shirin kai mata masu naƙuda asibiti, ana tashinsu cikin dare su fito. A yau ɗin ma, wanda ya buɗe hanyar a ƙarshe wani kwandastan bas ne da ya diro, ya shiga tsakiyar titi yana bubbuga motoci da tafin hannu yana cewa, "Malam matsa! Alhaji matsa, rai ne!" Ba shi da kaki, ba wanda ya sa shi. Allah ya yi masa albarka duk inda yake. Kuma na faɗa, mai ƙatuwar motar da ya bi bayan motar asibitin ya fi yaron adaidaitan laifi a wurina, domin shi babu canjin da yake nema.

Ban san matar da ke cikin motar yau ba, ban san ko ta isa da rai ba. Tun magariba nake yi mata addu'a.

Roƙona gare ku, ku da kuke karanta ni: wanda yake da direba ya kira shi gobe da safe ya faɗa masa. Wanda ya ba yaro adaidaita ko babur yana kawo masa balas ya faɗa masa. Shugabannin tasha ku faɗa a taronku, 'yan Karota masu kula da titi da ke mahaɗa ku riƙa tsayar da kowa da zarar kun ji jiniyar asibiti, limamai don Allah ku ware wa maganar nan huɗuba ɗaya. In kuma kun zo sallar asuba, ku sa ƙanwata a addu'a, da matar nan ta yau.