Shirin Masana'antu Ya Fara Daga Gonar Auduga

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana bisa shirin raya ƙasa har zuwa shekara ta 2050, wanda Gwamnati ta fitar cikin 2023. Na ji masu ilmi suna yabonsa, ni kuwa abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Ni haifaffen Kakuri ne, cikin Kaduna. Ubana ya yi shekara 22 yana tsaron injin saƙa a wata masaƙa. Sa'ad da muke yara ba mu bukatar agogo, jiniya ke gaya mana lokaci. In ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika hanya maƙil, masu tuwo da masu ƙosai kowa na ciniki. Ran da aka rufe masaƙarsu, ya komo gida da hantsi, kwanon abincinsa ko buɗewa bai yi ba.

Jama'a, arzikin nan ba da ka ya zo ba. Cikin 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila, zamanin Sardauna. Mutanen nan ba gini kaɗai suka duba ba. Ga auduga daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ga jirgin ƙasa na jigilarta, ga ruwan kogin Kaduna, cikin 1968 kuma madatsar Kainji ta kawo lantarki. Kowane abu yana riƙe da ɗan'uwansa.

To, da aka tashi kwancewa, daga gona aka soma. Cikin 1986 aka rushe Hukumar Auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi, ya koma masara. Wuta ta shiga ɗaukewa, masaƙu suka koma sayen mai don kunna injinansu, atamfar fasa-ƙwauri kuwa ta cika kasuwa da araha. Cikin 2007 har UNTL, babbar cikinsu, ta rufe. Daga baya Gwamnati ta ware rancen naira biliyan 100 don tayar da masaƙu. An gode, amma ina amfanin rance ga mai injin da ba zare, ba wuta?

Saboda haka ina roƙon manyanmu masu tsara 2050 su gaya mana filla-filla wa zai ba manomi iri, ina wutar za ta fito, wa kuma zai tsare kan iyaka. Su kuma ɗaure shirin da doka, don kada wanda ya hau gobe ya jefar da shi ya kawo nasa, yadda shirin 2010 da na 2020 suka wuce muna kallo. Ni dai ba zan ga 2050 ba, amma ina da jika mai shekara 9 a Kakuri.

Naka,
Ɗan Masaƙi, Kaduna.