Ba Bugu, Ba Fenti

Motar ba tamu ba ce mu kaɗai, shi ya sa ƙarar da ta yi ta fi shigar mana ciki fiye da kunne. Toyota Corolla ce ƙirar 2010, ruwan azurfa, 'yar Kwatano, wadda Baba ya riƙe kamar ƙwai har Allah ya yi masa rasuwa. Magada tara ne a kanta, an kuma tsayar da magana cewa bayan girbi za a sayar a raba. Mu aka damƙa wa makulli saboda mu ne zaune a Kazaure, tunda aikinmu na rubuta manhaja ba ya neman komai sai kwamfuta da intanet. Muna dawowa daga ɗaurin aure a Roni, amalanken shanu ɗauke da damman gero ya fito daga gona. Mun kauce, amma ba mu kauce duka ba. Kusurwar ƙarfensa ta daki ƙofar baya ta hannun dama, ta lotsa kamar faɗin faranti. Ba wanda ya ji rauni. Dattijon mai amalanke ya yi ta ba da haƙuri, mu ma muka ba shi, don gaskiya gudunmu ya ɗan fi ƙarfin hanyar.

Sana'armu ta shagwaɓa mu. Idan muka ɓata manhaja da rana, kafin la'asar mun mayar da ita daidai yadda take jiya, harafi bai canza ba, albarkacin Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don ajiye tarihin duk canjin da aka yi. Da wannan tunanin muka isa wurin wani mai bugun mota da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya, gefen titin Kano zuwa Daura. Muka gaisa, muka ce, “Baba, so muke ta koma yadda take.”

Bai kalle mu ba. Tafin hannunsa ya ɗora a ƙofar yana shafawa a hankali, ya ce, “Injiniya, yadda take ai ya wuce. Sai dai ta koma kamar yadda take.”

Mun ɗauka salon ciniki ne. Ashe bayani ne. Ƙarfen ƙofar mota bai kai milimita 1 kauri ba, kuma idan ya sha duka miƙewa yake yi. Ko an turo shi ya dawo, ya riga ya fi gurbinsa yawa, shi ya sa za ka ji wata ƙofar tana ɓas-ɓas kamar murfin gwangwani in an danna. Da a ce fentin bai tsage ba, kuma lotsawar ba ta karya layin jikin motar ba, da an zura ƙarfe ta ciki an turo ta sannu a hankali, ba a taɓa fenti ba. Tamu ta karya layi, fentin ma ya dare.

Ya ce akwai aikin yini ɗaya: a ɗan daddaga wurin, a cike ramin da fila, a goge, a fesa. Arha ne, kuma ranar da aka gama ya fi kowane aiki kyan gani. Sai zafin Maris da Afrilu ya gasa shi, ramukan hanya su girgiza shi, filar ta tsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki. Akwai kuma sayen wata ƙofar 'yar Kwatano a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin da ya sa muka haɗiye maganar. Muka zaɓi bugu na gaskiya.

Mun dawo washegari da kwamfutarmu da niyyar yin aiki a kan benci, amma kallo ya cinye yinin. Ya cire murfin cikin ƙofar, ya sa dunƙulen ƙarfe ta baya, yana bi da ƙaramar guduma ta waje. Abin da ya ɗaure mana kai, ko kusa da tsakiyar ramin bai je ba. Gefe ya fara bi, inda ƙarfen ya ɗan tasa kamar kunya a gona, wurin da idonmu bai ma ga komai ba. Ya ce waɗannan tudun ne suka riƙe ramin. In ka sake su, rabin lotsawar da kanta take fitowa, in kuwa ka fara da tsakiya, ƙara miƙe ƙarfen ka yi. Nan muka ji kamar abokin aiki ne ke magana, don mu ma inda manhaja ta nuna kuskure ba kasafai nan ciwon yake ba. Inda ƙarfen ya yi yawa, sai ya kunna wutar kabaid ya gasa wuri kamar faɗin kwabo har ya yi ja, ya bubbuga, yaronsa ya danna jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke. Wutar tana ƙona rufin da kamfani ya yi wa cikin ƙofa, don haka duk wanda za a yi wa irin wannan aiki ya tsaya sai an shafe cikin kafin a mayar da murfi. Fila ma an sa, amma shafe ne kawai, aka bi da samfefa har yawancinta ta koma ƙura.

Kwana uku ya ce mana. Kwana tara aka yi. Ba mu da bakin ƙorafi, mu da muke ce wa masu ba mu aiki “mako biyu” su gan mu bayan wata biyu.

Fenti ne ya ci lokacin. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke ɗauke da lambar launi, tamu 1F7. Muka karanto masa muna jin mun kawo ilimi. Ya yi dariya ya ce wannan launin ranar da ta fito daga kamfani ne, ba launin motar da ta sha ranar Kazaure shekara da shekaru ba. Murfin tankin mai ya cire, aka kai wa mai haɗa fenti ya daidaita da ido. Shi kuma ruwan azurfa yana da ƙananan ɓarɓashin ƙarfe a ciki, yadda suka kwanta ya danganta da ƙarfin iskar feshi da nisan hannu, saboda haka sai da aka ɗan watsa fentin zuwa ƙofar gaba da ɓangaren baya don kada ido ya ga iyaka. Ga hunturu ya shigo, ga shi babu rufaffen ɗakin feshi irin na manyan garejin Kano. Sau biyu aka fasa saboda ƙura. Ranar da aka yi, da sassafe ne, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa.

Da rana tsaka ba mai cewa an taɓa ta. Da daddare a ƙarƙashin fitilun gidan mai, in ka tsaya a karkace, ƙofar ta ɗan fi 'yan uwanta duhu.

Dillalin da ya zo ganinta ya zagaya sau biyu ya ce, “Wannan ai ba bugu ba fenti za mu ce.” Duk mai sayen mota ya san nauyin kalmomin nan a farashi. Muka kai maganar zauren WhatsApp na gidanmu. Yaya ya rubuto daga Abuja cewa ba ƙarya za mu yi ba, shiru kawai za mu yi, kuma mu tuna akwai tumunin Inna da kuɗin makarantar ƙannenmu biyu a cikin kuɗin nan. Ba mu ga laifinsa ba. Ba shi ya tuƙa ba, amma rabonsa ne zai ragu.

Da muka je biyan cikon kuɗin aiki, muka gaya wa mai bugu abin da dillali ya ce. Ya kira yaronsa ya kawo mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, naɗe a tsumma. A ƙofar gaba ya kama gam. A ta baya, daidai kan layin, ya yi sanyi ya zame. Ya ce wasu dilolin Kano ma na'ura gare su mai auna kaurin fenti, na kamfani kuwa bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Sannan ya ce, “Ni gyara na yi maka, Injiniya. Ɓoyo ba ya cikin kuɗin da ka biya. Kuma ka tambayi malamai, wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da ikon dawo da shi.”

Sabo ya sa tun ranar farko muke ɗaukar hoton kowane mataki, yadda muke ajiye tarihin aikinmu: ramin, tsiraicin ƙarfen, filar, fentin. Mutum biyu sun zo taya motar, kowanne mun buɗe masa hotunan kafin ya buɗe baki. Na farko ya yi godiya ya tafi. Na biyu ya daɗe yana shafa ƙofar, ya taya ƙasa da abin da dillali ya yi mana alkawari, ya ce mu yi shawara zuwa Juma'a.

Mun rubuta a zaure cewa a sallama masa, giɓin kuma a cire daga rabonmu, in bai isa ba mu cika daga albashi. Inna ta turo saƙon murya ta sa albarka. Yaya ya karanta tun shekaranjiya, har yanzu bai ce komai ba. Motar tana ƙofar gida, mun lulluɓe ta saboda ƙura.