Bargon Filanel Na Matan Wales

Duk wanda ya taɓa kutsawa layin 'yan gwanjo da hunturu ya san yadin nan mai laushi da ɗan gashi-gashi, wanda ake ɗinka rigunan sanyi masu gidan dara da mayafan jarirai da shi. Sunansa filanel. Mu a dila muke ganinsa, amma yadin yana da gida, gidan nasa kuwa shi ne Wales, yankin nan mai tsaunuka da tumaki da yawan ruwan sama a yammacin Birtaniya. Tunda an ce waiwaye adon tafiya, bari mu leƙa yadda matan ƙasar suka riƙa mayar da shi bargo.

Filanel na asali na ulu ne, na auduga daga baya ya zo. A ƙarni na 19 garuruwa irin su Newtown da Llanidloes da Welshpool da saƙarsa suke ci suke sha. A Newtown ɗin ne wani ɗan kasuwa, Pryce Jones, ya soma aika wa masu saye da yadi ta gidan waya a 1861, har Sarauniya Victoria ta shiga sahun abokan cinikinsa. Sai dai babban mai saye talaka ne. Masu haƙar kwal da rigar filanel suke shiga rami, don tana shan gumi tana kuma tare sanyi, tsofaffi kuma sun yi imani cewa jan filanel maganin sanyin ƙashi ne. In riga ta mutu ba a yar da ita. Bargo ne makomarta.

Wanda ya san lifidin dawakan sarauta ya riga ya san dabarar wannan ɗinki. Hawa uku ne: yadi a sama, yadi a ƙasa, ciko a tsakiya, sai a bi da allura a haɗe su yadda cikon ba zai taru waje ɗaya ba. Mai hali yana cika nasa da ulun da aka taje. Marar hali kuwa tsohon bargo yake sakawa, ko tsummokara, ko gashin da tumaki suka bari a jikin shingen ƙaya, a tsinto shi a wanke a taje.

Ɗinkin sana'a ce mai zaman kanta, kuma yawancin masu yin ta mata ne da mazajensu suka rasu ko waɗanda ba su yi aure ba. Mai ɗinki takan bi gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya, ta sauka a gida ta yi makonni, ci da kwana a kan masu gida, ga ɗan ladan aiki. An fi nemanta idan biki ya matso, domin barguna na cikin kayan ɗakin amarya. Mai ɗinkin takan ɗaure yadin a jikin katako ya miƙe tsaf, ta ɗauki alli, ta kifa faranti ta zagaye shi, ta kifa kofi ta zagaye, ta fitar da da'ira babba a tsakiya, sannan ta kewaye ta da siffar zuciya da ganye da murɗe-murɗe irin na bayan dodon koɗi. Daga nan sai allura, ɗinki bayan ɗinki, har sai zanen ya taso a jikin yadin ana jin sa da yatsa.

Halin yadin ne ya ba bargon kamanninsa. Filanel yana da kauri, ba ya son a yanka shi ƙanana-ƙanana, don haka manyan faci ake yi masu kusurwa huɗu ko uku, ja da baƙi da shuɗi mai duhu, ba fure ba tarkace. Ga shi da tsukewa in an wanke, bakinsa kuma yana zarewa. Shi ya sa har yau masu ɗinki da filanel ɗin auduga suke fara wanke shi kafin su sa almakashi, kuma suke barin baki kamar rabin inci maimakon kwata da ake bari a sauran yaduka. Bargon da aka gama yana da nauyi ƙwarai, amma a ɗakin dutse marar wuta nauyin nan shi ne daɗinsa.

Bargunan masana'antu masu araha su suka fara karya kasuwar. A 1928, lokacin da talauci ya dabaibaye garuruwan kwal na kudancin Wales, wata hukumar raya sana'o'in karkara ta tattara mata ta koya musu ɗinkin, ana kai kayan Landan, har otal ɗin Claridge's ya saya. Sai dai wannan karon da yadin auduga mai sheƙi da siliki aka fi aiki, don ran mai kuɗi ake nema. Yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, shirin ya tsaya, 'yan mata suka kama aikin albashi. Tsofaffin bargunan filanel suka koma rumbu, wasu ana rufe dankali da su, wasu ana shimfiɗa wa dabbobi.

A shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mazauniyar Wales, Jen Jones, ta shiga bin ƙauyuka tana sayen abin da masu shi suka raina. A 2009 ta buɗe cibiyar nuna bargunan a garin Lampeter. Gidan tarihi na St Fagans da ke kusa da Cardiff shi ma yana da nasa tarin. Bargon da aka rufe dankali da shi jiya, yau a bango yake rataye, ba a yarda a taɓa shi da hannu. Sunayen mafi yawan matan da suka ɗinka su kuwa sun ɓace, domin ba wanda ya ga dalilin rubutawa.

Saboda haka, mai karatu, in akwai luru ko gwado ko zanen saƙi na kakarka a ƙasan adaka, kada ka bari a yi tsumman goge-goge da shi. Ka ninke shi ka adana, kuma tun da sauran masu tunawa ka tambayi sunan wanda ya saƙa shi.