Daren da Muka Kwana a Bakin Tiga

Mu shida muka goya jakunkuna a hutun jami'a, muka bi hanyar daji ta gefen tafkin Tiga, wajen Falgore. Kowa ya cika jaka da biskit da cajar waya, amma bargo biyu kacal muka ɗauko, ga shi hunturu ne. Da dare ya raba, sanyi ya fara ratsa ƙashi, waya kuwa babu sabis.

Wani dattijon masunci ya hango tocilanmu, ya hura mana wuta, ya gasa mana kifi.

"'Ya'yana, a gida an san kuna nan?"

Muka yi tsuru-tsuru. Babu wanda ya sanar.

Ƙannenmu, kafin ku goya jaka, ku fara amsa tambayar Baba.