Aro daban, kyauta daban



Mu 'yan Tawa, Japan ba baƙuwarmu ba ce. A jiharmu ne hukumar JICA ta soma shirin Lakwal don Kowa a 2004, wanda ya ƙarfafa kwamitocin COGES. Tun lokacin nake sha'awar harshensu, har na shiga koyonsa a waya, kaɗan-kaɗan, da ƙamus na Faransanci.

Kalmomi biyu suka tsaya mini a rai: ageru da kureru. Ƙamus ya fassara dukansu da donner, wato bayarwa. Amma mutumin Japan ba ya gama su. In kai ka ba wani abu, ageru ne. In wani ya ba ka, ko ya ba ɗan gidanku, kureru ne. Kafin ya buɗe baki, sai ya san daga hannun wa abin ya fito, hannun wa ya nufa.

Da na duba, ashe mu ma haka muke. Wanda ya ari jaki, jakin nan dai zai maido. Wadda ta ranci tiya biyar ta hatsi ta daka ta ci, in kaka ta yi wani hatsin za ta biya. Faransanci kuwa emprunter yake ce wa duka biyun.

To, ga inda abin yake cizo. Akwai kalma guda da muke sakaci da ita, ita ce "ba". Magidanci a Barmu ko Afala zai tafi cin rani Abijan, sai ya ce wa maƙwabci: "Wane, na ba ka gonag ga, ka noma." Shi aro yake nufi. Shekara goma ta wuce, dattijan da suka ji maganar sun rasu, 'ya'yan maƙwabci su ce ai kyauta ce aka yi wa ubansu. Kowa ya rantse, kuma babu wanda ya yi ƙarya a kan kalmar da aka faɗa.

Tun dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin COFO masu rubuta takardun gonaki, kuma kowane ciniki da takardarsa: saye, kyauta, aro, haya, jingina. Takardun da Faransanci ake cika su. In ka ce "na ba shi" ka yi shiru, ka bar wa mai fassara ya zaɓar maka tsakanin don da prêt, alhali gonar gadonka ce.

Don haka, ɗan uwa, in za ka bar gona hannun wani, faɗi kalmar da bakinka gaban maigari da shaidu. Aro ne? Jingina ce, a kan nawa? Shekara nawa? Sannan a karanta maka takardar da Hausa kafin ka dangwala yatsa. Mai zumuncin gaskiya ba zai ji haushi ba.

Allah Ya bar mu da zumunci, Ya ba mu damina mai albarka.