Mutum Nawa Za Ka Tambaya?

A hutun ƙarshen zango ɗan yayata ya same ni a Tambuwal da takardu a hannu. Kundin kammala digiri yake shiryawa, yana son ya gano ko mutanen Kebbe sun gaza na Tambuwal wajen kwana cikin gidan sauro. Ya ce, "Kawu, na gama lissafi. Mutum 400 zan tambaya."

Na san inda adadin ya fito. Dabarar Taro Yamane ce ta 1967, wadda ɗaliban ƙasar nan suka riƙe hannu bibbiyu: ka ba ta yawan jama'a da kuskuren da za ka iya jurewa, yawanci kashi 5 cikin 100, ta ba ka amsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000. Kowanne ka zuba mata, amsar 399 ce. Ka zuba Nijeriya kacokan, 400 za ta ce. Idan jama'a suka yi yawa, yawan nasu ya daina tasiri a lissafin.

Na tambaye shi yadda zai raba mutanen. Ya ce gwargwadon yawan jama'a: 257 a Tambuwal, 143 a Kebbe. A nan gizo yake saƙa. Kashi 5 ɗin nan na mutum 400 ne a dunƙule. Mutum 143 kaɗai kuskurensu ya kai kashi 8, kuma in za a kwatanta wuraren biyu, kuskuren bambancin zai kai kashi 10. Ke nan ko da Tambuwal ta fi Kebbe da kashi 7, bincikensa ba zai iya rantsuwa a kai ba. Kafin ya sauko da kuskuren bambancin zuwa kashi 5, sai ya tambayi kimanin mutum 770 a kowane ɓangare. Ya duba kuɗin da mahaifiyarsa ta haɗa masa na mota da buga takardu, ya yi shiru.

Sai na tambaye shi inda zai sami mutanen. Ya ce kasuwa da tasha, a garuruwan bakin titi irin su Dogon Daji. Na tuna masa yadda ake sayen gero: mai hankali ba ya duba saman buhu, hannu yake zurawa har ƙasa. Wanda ka tarar a tasha ba shi ne matar da ke ƙauye bayan Kuchi ba. Haka kuma mutum 40 daga gari ɗaya, da aka raba wa gidan sauro rana ɗaya, kusan amsa ɗaya za su maimaita maka. A Amurka a 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai lashe zaɓe. Roosevelt ya yi masa kayen raba gardama, domin waɗanda suka amsa ba su wakilci masu zaɓe ba.

Mun kwana biyu muna gyara. Ya bar adadin a 400, amma 200 a kowace ƙaramar hukuma, mutum 10 daga kowane gari cikin garuruwa 40 da ƙuri'a ta fitar. Ya rubuta tun a babin farko cewa bambanci babba kaɗai binciken zai iya gani. Wasu garuruwan da ƙuri'ar ta faɗa kansu ba sa shiguwa saboda rashin tsaro. Ya so ya musanya su a ɓoye da na kusa, na ce a'a. Sunayensu suna nan cikin kundin, ƙarƙashin taken wuraren da ba a kai ba, domin duk likita ko jami'in da ya karanta ya san waɗanda ba a ji ta bakinsu ba.