Daga Tiga Zuwa Doguwa: Matakala Uku Da Keken Guragu

Duk wadda ta taɓa ratsewa daga babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta nufi ƙasar Bebeji, ta san Allah Ya yi wa yankin albarka. Ga tafkin Bagauda, inda tsohon otal ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ƙasa, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Bangon madatsar ya kai kusan kilomita 6, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafar da ke shiga tukwanenmu suke fitowa. Idan aka bi ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, hanya za ta miƙe da ke zuwa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta kai Doguwa, can kuma ga duwatsun Riruwai.

Wannan karon ba kallon ruwa da duwatsu nake so mu yi ba. So nake mu sunkuyar da kai mu dubi ƙasa, wato inda ƙafa da taya suke bi.

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa magini a nan yake ɗaga harsashi don gudun ambaliya. Dabara ce mai kyau, amma ita ce ke haifar da matakala uku ko huɗu a ƙofar aji, ƙofar asibitin sha-ka-tafi da ƙofar masallaci. Mai ƙafa ba ya ma lura da su. Yarinyar da shan inna ta kama kuwa, a nan tafiyarta take ƙarewa. Ta murza kekenta da hannu tun daga gida, ta sha rairayi da kwazazzabo, sannan dole ta sauka ta rarrafa a gaban jama'a, ko ta jira wani ya ɗauke ta. Tana ƙarama abin da sauƙi. Ranar da ta zama budurwa fa, wa zai ɗauke ta? Sau da yawa a nan karatun yake tsayawa, a ce wai ita ce ba ta so.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, alhamdu lillahi. Sai dai waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, da yawansu sun zama iyaye. Ƙara da makafi, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda haɗarin mota ya naƙasa, da kakanninmu masu ciwon gwiwa. Mai tsohon ciki da goyo ma ta san zafin matakala.

Doka kuwa akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma takarda a Abuja ba ta zuba siminti a ƙauye, birkila ne ke zubawa, shi kuma abin da mai gini ya ce shi yake yi.

A nan ne ƙaramin ilimi yake da rana. Sau tari za ki ga an yi gangara a gefen matakala, amma ta miƙe tsaye kamar ta shigar da babur shago. Irin wannan ba taimako ba ce, tarko ce, domin keken kan iya kifewa ta baya. Ƙa'idar da masana gini suke bi ita ce, kowane inci 1 na tsayi yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawo. Ke nan matakala uku masu inci 6 kowacce suna son gangara mai ƙafa 18. Idan fili bai kai ba, sai a lanƙwasa ta a jikin bango, a bar shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiya don hutawa. A sa ƙarfen riƙewa a gefe, a bar simintin da kaushi. Tayil mai sheƙi da muke yayi, da zarar ruwan alwala ya taɓa shi ya zama santsi, ko mai lafiya sai ya yi hattara.

Ƙofa ta kai faɗin ƙafa 3, a kuma rage dokin ƙofa. Lambatun da ke gaban gini a rufe shi da murfi mai ƙwari, saboda sandar makaho ba kullum take riga ƙafarsa gano rami ba. Banɗaki shi ne abin da ba a son faɗa, alhali ya fi komai ciwo. Ki yi tunanin mai rarrafe da hannu a masan makaranta ko na tasha. Kujera mai huda a tsakiya, wadda kafinta zai haɗa a yini ɗaya, da ƙarfe a jikin bango, sun isa su tsare mata mutuncinta da tsarkinta.

Waɗanda suka sauke farali sun ga yadda ake tura tsofaffi a keke su yi ɗawafi da sa'ayi, da hanyarsu ta musamman. Masallatanmu kuwa, sashen mata sau da yawa yana can baya, ta wani lungu mai kwata, ko a saman bene. Idan ana tara kuɗin gyaran masallaci ko Islamiyya a unguwarku, ko an kira taron iyayen yara, ki sa maigida ya tambayi birkila tsawon gangarar kafin a sayo siminti. In da hali a kira mai keken da kanta ta hau ta gwada tun ana cikon ƙasa, kafin a zuba kankare.